Suna, Takardar Rakiya da Hatimi: Yadda Manhaja Take Gane Nau'in Fayil

Duk lokacin da aka buɗe shafin rajistar jarrabawa ko na ɗaukar ma'aikata, akwai ƙorafin da yake yawaita a shagunan intanet: mai nema ya ɗora hoton fasfo wanda sunansa ya ƙare da .jpg kamar yadda aka sharɗanta, amma shafin ya ƙi karɓa, ya ce wannan ba irin hoton da ake so ba ne. A 'yan shekarun nan kuma hukumomi a Indiya da Malesiya sun yi ta gargaɗin jama'a game da katin gayyatar ɗaurin aure da ake turawa ta WhatsApp, wanda idan aka buɗe shi sai ya kasance manhaja ce ta satar saƙonnin banki. Sannan a watan Fabrairun 2024 kamfanin Google ya saki wata manhaja mai suna Magika, wadda aikinta kawai shi ne ta dubi fayil ta faɗi ko wane iri ne, abin da ya ba wasu mamaki, ganin an ɗauka cewa kwamfuta ta daɗe da ƙwarewa a wannan aiki.

Waɗannan abubuwa uku tushensu ɗaya ne. Babu wani wuri guda da ake rubuta nau'in fayil wanda kowace manhaja take komawa gare shi. Shaidu ne daban-daban, kowace manhaja da wanda ta fi amincewa da shi, kuma yawancin ruɗani da haɗarin da ake gani suna fitowa ne daga wurin da manhajoji biyu suka saurari shaidu biyu a kan fayil ɗaya.

Abin da ake nufi da nau'in fayil

A cikin ma'ajiyar kwamfuta ko waya, fayil jerin lambobi ne kawai. Kowane gurbi, wanda ake kira bayit, yana ɗauke da lamba ɗaya tsakanin 0 da 255. Lamba 65 tana iya nufin harafin A idan rubutu ne, tana iya nufin hasken ɗigo ɗaya idan hoto ne, tana kuma iya zama wani ɓangare na umarnin da kwamfuta za ta aiwatar. Nau'in fayil, saboda haka, yarjejeniya ce a kan yadda za a karanta waɗannan lambobi: JPEG wata yarjejeniya ce, PDF wata, MP3 wata. Manhajar da ta karanta fayil da yarjejeniyar da ba tasa ba, ko dai ta nuna shirme, ko ta ce fayil ɗin ya lalace.

Domin ta san wace yarjejeniya za ta bi, manhaja tana da shaidu uku. Na farko shi ne wutsiyar suna, wato haruffan da ke bayan ɗigo na ƙarshe, kamar .jpg ko .pdf. Na biyu shi ne bayanin da ke rakiyar fayil idan yana tafiya ta intanet ko ta imel, wanda za mu kira takardar rakiya. Na uku shi ne abin da ke cikin fayil ɗin kansa, musamman lambobin farko, waɗanda suke aiki kamar hatimi. Wanda ya saba da kasuwar hatsi irin ta Dawanau ya san bambancin: akwai rubutun da ke jikin buhu, akwai abin da dillali ya faɗa, akwai kuma abin da ke fitowa idan aka soka buhun aka duba ƙwayar. Na farko da na biyu sun fi sauri, na uku ya fi kusa da gaskiya, amma shi ma saman buhu yana iya bambanta da ƙasansa.

Shaidar suna: sauri da rauni

Al'adar wutsiya mai haruffa uku ta yaɗu ne ta hanyar tsarin tafiyar da kwamfuta mai suna CP/M na shekarun 1970, sannan MS-DOS na 1981 ya gaje ta, inda ba a yarda suna ya wuce haruffa 8 ba, wutsiya kuma 3. Wannan ne dalilin da ya sa har yau ake rubuta .jpg da .htm alhali cikakkun su ne .jpeg da .html. Windows ya ɗora a kan haka: yana riƙe da jadawalin da ke cewa wutsiya kaza manhaja kaza ce take buɗe ta. Idan aka danna fayil sau biyu, Windows ba ya leƙa cikinsa kafin ya zaɓi manhajar, wutsiyar yake dubawa.

Akwai hujja mai ƙarfi a bayan wannan zaɓi. Jakar da ke ɗauke da fayiloli dubu goma za a iya jera ta nan take idan sunaye kawai za a karanta, amma idan sai an buɗe kowanne an leƙa, musamman a kan filashi ko ma'ajiyar da ke nesa, aikin zai yi nauyi. Haka kuma suna yana hannun mai fayil, yana iya cewa a ɗauki wannan rubutu a matsayin shafin intanet ta hanyar canza .txt zuwa .html.

Rauninsa ma daga nan yake. Sunan fayil ba a cikin fayil ɗin yake ba, a cikin jadawalin ma'ajiya yake, don haka canza shi ba ya taɓa ko da bayit ɗaya na abin da ke ciki. Tun daga 2017, wayoyin iPhone suna ajiye hotuna a tsarin HEIC, shafukan intanet da yawa kuma suna amfani da WebP wanda Google ya fitar a 2010. Mutumin da ya goge .heic ya rubuta .jpg bai mayar da hotonsa JPEG ba, sunan kawai ya sauya, kuma duk shafin da ke leƙa cikin fayil zai gane hakan.

Abin da ya ƙara tsananta matsalar shi ne Windows, tun zamanin Windows 95, yana ɓoye wutsiyar fayilolin da ya sani sai dai idan mai kwamfuta ya sauya saitin da kansa. A farkon watan Mayun 2000 ƙwayar cutar kwamfuta da aka sani da ILOVEYOU, wadda ta taso daga Manila a ƙasar Filifin, ta ci moriyar wannan. Sunan fayil ɗin da take turawa shi ne LOVE-LETTER-FOR-YOU.TXT.vbs. Da aka ɓoye wutsiyar ƙarshe, sai mutane suka ga .TXT suka ɗauka wasiƙa ce, alhali .vbs umarni ne da Windows yake aiwatarwa. Cikin 'yan kwanaki ta kama miliyoyin kwamfutoci a faɗin duniya. Shekaru fiye da ashirin bayan haka, ɓoye wutsiya shi ne dai saitin da sabuwar kwamfuta take zuwa da shi, kuma da wuya a kare wannan shawara idan aka auna ɗan kyan da take ƙara wa allo da irin ɓarnar da ta jawo.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan zurfi. Tsarin Unicode yana da wata alama da ba a gani, mai lamba U+202E, wadda aka tanada domin rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu irin na Larabci da ajami. Idan aka saka ta a tsakiyar suna, sai haruffan da ke bayanta su bayyana a juye: fayil ɗin da ya ƙare da gnp.js, wanda umarni ne da kwamfuta take aiwatarwa, zai fito a allo yana ƙarewa da sj.png, wato kamar hoto. A Fabrairun 2018 kamfanin Kaspersky ya bayyana cewa an yi amfani da wannan a kan masu Telegram na Windows a 2017, kafin a toshe ɓarakar. Ƙwayar da ta addabi filashi a shagunan intanet da ofisoshi, wadda take ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi masu sunansu, ita ma dangin wannan ce, domin wutsiyar .lnk ta gajerun hanyoyin tana cikin waɗanda Windows ba ya nunawa ko da an umarce shi ya nuna sauran.

Kamfanin Apple ya bi wata hanya dabam a Macintosh na 1984: kowane fayil yana da alamomi biyu masu haruffa huɗu-huɗu a ɓoye, ɗaya ta nau'i, ɗaya ta manhajar da ta ƙirƙire shi. Tsari ne mai tsafta, sai dai alamomin sukan ɓace da zarar fayil ya ratsa ta wata kwamfutar da ba Mac ba, kuma daga baya Apple ma ya koma dogaro da wutsiya.

Hatimin da ke cikin fayil

Masu tsara nau'o'in fayil da yawa sun sa doka cewa dole fayil ya fara da wasu lambobi sanannu. Kowane hoton JPEG yana farawa da 255, 216, 255. PDF yana farawa da %PDF- sai lambar zubinsa. GIF yana farawa da GIF87a ko GIF89a. Manhajojin Windows masu wutsiyar .exe suna farawa da MZ, farkon haruffan sunan Mark Zbikowski, ɗaya daga cikin injiniyoyin MS-DOS, yayin da ZIP yake farawa da PK, daga sunan Phil Katz wanda ya ƙirƙiro shi a 1989.

Hatimin PNG ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna irin tunanin da ake zubawa a cikin bayit takwas kacal: 137, 80, 78, 71, 13, 10, 26, 10. Lambobi 80, 78 da 71 su ne haruffan P, N da G, domin ɗan Adam ya iya karantawa. An zaɓi 137 a farko ne saboda ta wuce iyakar haruffan rubutu, don kada wata manhaja ta ɗauki hoton a matsayin rubutu, kuma idan ya bi ta tsohuwar hanyar sadarwa mai yanke lambobin da suka haura 127, za a gane nan take. Lambobi 13 da 10 alamomin ƙarshen layi ne, waɗanda wasu manhajojin tura fayil suke sauyawa idan sun zaci rubutu suke ɗauke da shi, don haka duk wani sauyi a kansu shaida ce cewa hoton ya lalace a hanya. Ita kuwa 26 tana dakatar da MS-DOS idan aka umarce shi ya zubo fayil ɗin a allo. Hatimin yana faɗin nau'i, yana kuma ba da labarin abin da ya sami fayil a tafiyarsa.

Ba kowane hatimi ne yake bakin ƙofa ba. A MP4 da HEIC, haruffan ftyp suna zuwa ne bayan bayit huɗu na farko. A kundin tar, kalmar ustar tana gurbi na 257, a fayil ɗin ISO na faifan CD kuwa sai an tsallake bayit 32,769 kafin a ga CD001. Saboda haka manhajar da ke binciken hatimi tana buƙatar babban jadawali mai cewa a duba wuri kaza a nemi lamba kaza. Mafi shaharar irin wannan manhaja ita ce file ta tsarin Unix, wadda ta fara fitowa a 1973. Zubin da ake amfani da shi a yau a Linux da macOS ya samo asali ne daga aikin Ian Darwin na shekarun 1980, kuma Christos Zoulas ya daɗe yana kula da shi. Jadawalinta ya ƙunshi dubban ƙa'idoji da mutane suka rubuta da hannu, kuma manhajoji da dama suna aron sa maimakon su rubuta nasu.

Inda hatimi yake gazawa

Gazawa ta farko ita ce nau'o'i da yawa suna tarayya a hatimi ɗaya. Takardar Word mai .docx, jadawalin Excel mai .xlsx, littafin .epub, manhajar Java mai .jar da manhajar Android mai .apk, dukkansu kundin ZIP ne aka yi wa tsari na musamman, kuma dukkansu da PK suke farawa. Wanda ya tsaya a bayit huɗu na farko ba zai bambanta takardar neman aiki da manhajar waya ba. Sai an buɗe kundin an duba abin da ya ƙunsa: idan akwai AndroidManifest.xml to manhajar Android ce, idan akwai jakar word tare da fayil ɗin da ke bayyana sassan takarda to Word ce. Masu tsara EPUB da OpenDocument sun hango wannan matsala, suka wajabta cewa abu na farko a cikin kundin ya zama ɗan fayil mai suna mimetype wanda ba a matse ba, domin a karanta nau'in tun daga farko. Tsofaffin .doc, .xls da .ppt su ma hatimi ɗaya gare su, haka WAV da AVI da WebP duk da RIFF suke farawa.

Gazawa ta biyu ta fi girma: rubutu zalla ba shi da hatimi ko kaɗan. Jerin sunaye na CSV, wasiƙa, da umarnin Python ko JavaScript duk haruffa ne a jere. A nan manhaja ba ta da abin yi sai ƙiyasi: ta ga ko akwai waƙafi daidai wa daida a kowane layi, ko akwai kalmomin da aka sani da wani harshen kwamfuta. Kuma da yawa daga cikin umarnin da maharan intanet suke turawa a cikin wannan rukuni suke.

Wannan ƙiyasi yana taɓa masu rubutu da Hausa kai tsaye. Ko bayan an gane fayil rubutu ne, sai an gane tsarin da aka bi wajen mayar da haruffa lambobi. A tsarin UTF-8, harafin ƙ bayit biyu ne, 198 da 153. Idan manhaja ta zaci tsohon tsarin Windows-1252 na Yammacin Turai ne, sai ta karanta su a matsayin haruffa biyu, ta nuna Æ™ a gurbin ƙ, ta nuna É— a gurbin ɗ. Wannan ne abin da yake faruwa idan aka buɗe jerin sunayen ɗalibai ko na ma'aikata na CSV a Excel aka ga sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ sun rikice. Bayanan ba su lalace ba, karatun ne ya kuskure. Excel yakan gane UTF-8 idan fayil ya fara da alamar 239, 187, 191, wadda wasu manhajoji suke sakawa wasu kuma ba sa sakawa.

Takardar rakiya da rikicin burauza

A 1992 Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka wallafa ƙa'idar MIME domin imel ya iya ɗaukar hoto da sauti. Ƙa'idar ta ba kowane nau'i laƙabi mai sassa biyu, kamar image/jpeg, text/html ko application/pdf, hukumar IANA kuma ita ce take riƙe da rajistarsu. Shafukan intanet sun ari tsarin: duk fayil ɗin da uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta aiko, tana haɗo shi da layin Content-Type mai faɗin nau'insa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wannan shaida sau da yawa maimaita maganar suna kawai take yi. Uwar garke takan dubi wutsiya ne ta rubuta laƙabin, haka ita ma burauza idan mutum yana ɗora fayil. Wannan ne ya bayyana dalilin da ya sa canza suna yake yin aiki a wani shafin rajista ya ƙi yi a wani: na farko ya tsaya a wutsiya ko laƙabi, na biyu ya duba hatimi.

Da yake a farkon zamanin intanet uwayen garke da yawa suna aiko da laƙabin da ba daidai ba, Microsoft ya sa Internet Explorer ta riƙa duba bayit 256 na farko tana yanke hukunci da kanta. An yi hakan ne domin sauƙaƙa wa masu karatu, kuma shafuka da dama da za su fito a rikice sun fito daidai. Sai dai an buɗe ƙofar ɓarna: mugu yana iya ɗora fayil a wani dandali a matsayin hoto ko rubutu, ya cusa umarnin HTML a farkonsa, burauza ta leƙa ta ce wannan shafi ne, ta aiwatar da umarnin da sunan dandalin, har a sace bayanan shiga asusun wanda ya buɗe. Tare da Internet Explorer 8 aka kawo umarnin nosniff, wanda mai shafi yake aikowa domin ya ce wa burauza ta tsaya a kan laƙabin da ya bayar. Daga baya ƙungiyar WHATWG ta rubuta ƙa'ida guda da manyan burauzoji suke bi, kuma jigonta shi ne kada ƙiyasi ya ɗaga fayil daga matsayi marar haɗari zuwa mai haɗari. Burauza tana iya gane cewa hoton da aka kira JPEG ashe WebP ne ta nuna shi, amma ba ta da izinin mayar da abin da aka ce rubutu ne zalla ya zama shafi mai umarni.

Idan shaidu suka saɓa

Akwai fayilolin da suke cika sharuɗɗan nau'i biyu a lokaci guda. Ana karanta GIF daga farko, amma jadawalin ZIP a ƙarshen fayil yake. A 2008 masu binciken tsaro suka nuna cewa idan aka manna manhajar Java a bayan hoton GIF, dandali zai karɓe shi a matsayin hoto na gaskiya, Java kuma ta karanta shi daga ƙarshe ta aiwatar da shi a matsayin manhaja ta gaskiya. An yi masa laƙabi da GIFAR. Babu wanda ya yi kuskure a cikin masu karatun biyu, kowanne ya bi ƙa'idarsa.

Misalin da ya fi tayar da hankali ya fito ne a Satumbar 2021, lokacin da cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta gano wata hanyar kutse da ta danganta da kamfanin NSO Group na Isra'ila, a wayar wani ɗan fafutuka na Saudiyya, ta kuma sa mata suna FORCEDENTRY. Kamar yadda masu binciken Project Zero na Google suka yi bayani a Disambar shekarar, manhajar saƙonni ta iPhone mai suna iMessage tana ɗaukar duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .gif ta miƙa shi ga sashen sarrafa hotuna tun kafin mai waya ya taɓa komai. Shi kuma wannan sashe ba ya kula da suna, cikin fayil yake dubawa. Maharan suka aiko da PDF mai sunan .gif: sunan ya buɗe masa ƙofa, hatimin kuma ya kai shi wurin wani tsohon mai karanta hotunan JBIG2 da ke da ɓaraka. Apple ya toshe ta a iOS 14.8. Darasin da masana suka ɗauka shi ne, duba ciki da ake yabo shi ma yana iya zama hanyar shiga, idan mai gadin ƙofa da mai buɗe kaya ba su yi magana da murya ɗaya ba.

Matsayar ɓangarori

Masu fifita suna suna kafa hujja da sauri da kuma tabbas: mai amfani ya san abin da zai faru idan ya danna, kuma ba a buɗe fayil ɗin da ba a amince da shi ba don kawai a san nau'insa. Masu fifita ciki suna cewa suna da'awa ce kawai wadda kowa yake iya yi, don haka mai tace imel ko mai karɓar fayiloli daga jama'a bai kamata ya dogara da ita ba. Kowane ɓangare yana da gaskiya a fagensa, shi ya sa yawancin tsare-tsaren yau suke haɗawa. Ƙa'idar freedesktop.org da kwamfutocin Linux suke bi tana fara duba suna, idan bai ba da amsa guda ba sai ta duba hatimi. Manhajar gane nau'in fayil mai suna Apache Tika tana fara duba hatimi, sannan ta yi amfani da suna wajen tacewa. Gmail yana hana wutsiyoyi irin su .exe da .vbs, ya ƙara .js a Fabrairun 2017, kuma yana leƙa cikin kundin ZIP domin neman su. Microsoft, tun Office 2007, ya raba .docx marar umarnin makro, wato umarnin da ake cusawa a cikin takarda domin Word ya aiwatar, da .docm mai ɗauke da shi, kuma Word ba ya buɗe .docm da aka sauya wa suna zuwa .docx. A ganin masu tsaro da yawa wannan shi ne tsari mafi inganci: a tilasta wa shaidu su yi daidai, idan sun saɓa a ƙi fayil ɗin.

Ma'aikatan adana tarihi kuwa buƙatarsu dabam ce. Hukumar adana kayan tarihi ta Birtaniya tana riƙe da rajistar PRONOM da manhajar DROID, waɗanda ba sa tsayawa a cewa wannan PDF ne, sai sun faɗi wane zubi ne, domin a san manhajar da za ta iya buɗe shi bayan shekaru hamsin.

Magika ta shigo ne ta ɓangaren da ƙa'idojin hannu suka fi rauni, wato rubutu da umarnin kwamfuta. Maimakon jadawalin hatimi, an horar da ƙaramar ƙirƙirarriyar basira, mai nauyin kusan megabayit 1, da miliyoyin fayiloli, tana duba 'yan yankuna na fayil ta faɗi nau'insa cikin ƙiftawar ido. Lokacin fitowarta tana gane nau'o'i sama da 100, kuma Google ya ce yana amfani da ita a Gmail da Drive domin tura kowane fayil ga mai binciken da ya dace da shi. Masu sukar wannan hanya suna nuna cewa amsarta hasashe ne mai ma'aunin yiwuwa, ba a iya bin diddigin dalilinta kamar yadda ake karanta ƙa'idar da mutum ya rubuta, kuma ba ta san nau'in da ba a horar da ita a kansa ba. Haka kuma ba ta warware matsalar fayil mai fuska biyu ba, tunda a can amsoshi biyu ne suke daidai.

Abin da wannan yake nufi ga jama'a

Ga mai ɗora hoto ko takarda a shafin rajista, abin da ake buƙata shi ne a juya fayil ɗin, wato a buɗe shi a manhajar hoto a sake ajiye shi a matsayin JPEG, ko a sauya saitin kyamarar iPhone ta riƙa ɗauka a tsarin da ya fi karɓuwa. Shafin da ya karɓi fayil mai sunan aro ma bai taimaki mai shi ba, domin hoton yana iya ƙin fitowa a ranar da za a buga katin.

Ga mai kwamfutar Windows, kunna nuna wutsiyar fayiloli aiki ne na daƙiƙu, kuma yana tona asirin duk wani suna mai wutsiya biyu. Ga mai wayar Android, alamar da ta fi kowace bayyana ita ce abin da wayar ta tambaya: hoto ko PDF buɗewa yake yi, ba ya neman a girka shi, ba ya kuma neman izinin karanta saƙonni. Katin gayyata ko takardar shaidar biyan kuɗi da ta ƙare da .apk manhaja ce, ko da daga lambar ɗan uwa ta fito, domin irin waɗannan manhajoji sukan yaɗu ne ta wayoyin da suka riga suka kama.

Ga wanda katin ajiyarsa ya lalace ko aka goge shi bisa kuskure, hatimi ne yake cetonsa. Manhajoji irin su PhotoRec ba sa buƙatar jadawalin sunaye, suna bin ma'ajiyar gurbi bayan gurbi suna neman inda 255, 216, 255 ko %PDF- ya bayyana, su kwaso abin da ke biye. Shi ya sa hotunan da mai gyara ya dawo da su suke zuwa da lambobi a maimakon sunayensu na asali, kuma shi ya sa ake son a daina ajiye sabon abu a katin da zarar an lura da asarar, kafin a rubuta wani abu a kan tsohon.

Nauyi mafi girma yana kan masu gina shafukan makarantu, bankuna da hukumomi waɗanda suke karɓar fayiloli daga dubban mutane. Abin da masana tsaro suke ba da shawara shi ne a ƙayyade 'yan nau'o'in da za a karɓa, a duba wutsiya da hatimi tare, kada a amince da laƙabin da burauzar mai ɗorawa ta aiko, a sake sarrafa hoton a ajiye sabon kwafi da sabon suna, sannan a riƙa fito da shi tare da umarnin nosniff. Idan kuma an ƙi fayil, ya kamata saƙon ya faɗi abin da aka gani, misali cewa sunan na JPEG ne amma cikin HEIC ne, domin mai nema ya san abin da zai gyara tun kafin wa'adin rajista ya cika.